Dabbar nan mai ƙahoni rassa-rassa, me take ci a cikin ƙanƙara?

Dillalin Zango:
Assalamu alaikum jama'a. Ni harkar shanu nake yi a Zangon Tudun Wada, shi ya sa duk abin da ya shafi kiwo nake sa masa ido. Yarona ne ya nuna min bidiyon wasu mutane a arewacin Rasha suna kora garken wata dabba, wai rendiya. Ko'ina fari fat, ba ganye ko ɗaya. Mu nan da watan Maris ya kama sai saniya ta zube har ka ƙirga haƙarƙarinta, alhali ga dusa ga harawa muna saye. To su me suke ci, ga su kuma a murje?

Malamar Kawo:
Wa alaikumus salam Alhaji. Dangin barewa ce, a Kanada da Alaska ana ce mata karibu, kuma tana tuƙa. Abincin yana nan, ƙanƙara ce ta binne shi. Akwai wani busasshen tsiro fari-fari mai kama da gansakuka da ke shimfiɗe a ƙasa da kan duwatsu. Da hanci take gano inda yake, sai ta sa ƙafar gaba ta tone. Kofaton ma sauyawa yake yi. Lokacin ɗumi tafinsa na da taushi saboda taɓo, da sanyi ya shigo sai ya tsuke, gefen ya yi kaifi don tono. Amma Alhaji, ba tsiron kaɗai ke riƙe ta ba. Kitsen da ta tara lokacin ɗanyar ciyawa shi take cinyewa a hankali, kafin sanyi ya wuce ita ma ta rame.

Injiniya Barnawa:
Malama ta faɗi gaskiya. Na gan su da idona lokacin da nake karatu a Finlan. Abin da na fara lura da shi shi ne ƙarar da ƙafafunsu ke yi, ƙas-ƙas, duk taku ɗaya, wata jijiya ce ke zamewa a kan ƙashi. Mutanen Sami, wata ƙabila ta arewacin Turai da ke kiwonsu, a kunne suke yanka shaida, kowa da irin tasa. Kuma matan rendiyar ma suna da ƙaho, wanda a dangin barewar can ita kaɗai ce haka. Duk shekara yake faɗuwa wani ya fito. Manyan maza na zubar da nasu bayan barbara, masu ciki kuwa suna riƙe nasu har haihuwa, da shi suke kare ramin da suka tona.

Dillalin Zango:
Ikon Allah. Kenan su ba su san asarar rani ba?

Malamar Kawo:
Sun san wadda ta fi ta, Alhaji, kuma abin yana taɓa min zuciya. Ruwan sama ne masifarsu. In ya sauka a kan dusar ƙanƙara sannan sanyi ya dawo, sai ya daskare ya zama falan da kofato ba ya iya fasawa. Dabba na tsaye a kan abincinta, yunwa na kashe ta. Haka ta faru a yankin Yamal na Rasha a ƙarshen 2013, makiyayan ƙabilar Nenets suka rasa rendiya kusan 61,000. Akwai gidajen da garkensu ya ƙare kakaf, alhali da shi suke ci, suke sutura, suke jan kayansu.

Dillalin Zango:
Innalillahi. Wanda ya taɓa kwana a kan saniyar da ta kasa tashi ya san wannan zafin. Injiniya, su na Finlan ba sa kai musu abinci in hakan ta faru?

Injiniya Barnawa:
Suna kaiwa, Alhaji, busasshiyar ciyawa da abincin buhu, da babur ɗin kan ƙanƙara. Kuɗi ne mai yawa.