Wane labarin annoba zan kai aji?

Malamin aji: Assalamu alaikum ƴan zaure. Bana ni aka ba darasin annoba na ɗaliban lafiyar jama'a. Na gaji da cika allo suna kwafa, ranar jarrabawa su maido mini da shi yadda na ba su. So nake in ɗauko abin da ya taɓa faruwa su warware da kansu. Da wanne zan fara?

Majo: Wa alaikumus salam Malam. Kar ka je nesa, ga kwalarar da ta ɓarke a Madarunfa ta jihar Maraɗi da daminar 2018. Ka ce musu mutum uku ƴan gida ɗaya sun iso asibiti da amai da zawo, sai ka yi shiru. Su faɗi wa za a sanar, ina za a keɓe marasa lafiya, wace rijiya za a duba. In sun fara cika baki, ka ce gobe kasuwa ke ci.

Ɗaliba: Mu da labarin kwalarar Landan aka fara mana, na 1854, da likita John Snow ya bi gidajen mamata har ya gano famfon unguwa ne, aka cire wa famfon hannu.

Majo: Yana da kyau ƴata, amma duk mai waya zai ga ƙarshensa kafin Malam ya rufe baki.

Hajiya ungozoma: Malam, ka sa tamowa. Mu da muka ga 2005 a Maraɗi ba ma mantawa. Awon damtse ya nuna ja, ƙasa da milimita 110 a ma'aunin lokacin, an ba uwa Plumpy'Nut, abincin gyaɗa na yara masu tamowa, mako biyu yaro bai ƙaru ba. Ashe da yayyensa take raba shi, kuma wa zai ga laifinta? Nan za ka gane wanda ya iya magana da uwa da wanda faɗa kawai ya iya.

Likita: A ƙara da gubar dalma ta Zamfara, 2010. Yara na jijjiga suna mutuwa, hankali ya tafi ga zazzaɓin sauro da sanƙarau, ashe dutsen zinariya mai ɗauke da dalma ake dakawa cikin gidaje. Kada ka ambaci zinariya sai wani ya tambayi sana'ar garin.

Malamin aji: Madalla. Sai dai ajina ya haura mutum sittin, Majo.

Majo: Raba su shida-shida, kowane rukuni da mai rubutu. In daga rajistar asibiti ka ɗauko labari, goge suna da unguwa, garin nan kowa ɗan uwan kowa ne.

Malamin aji: To, Litinin da Madarunfa zan fara. Hajiya, za ki zo ki zama uwar yaron su yi miki tambayoyi?

Hajiya ungozoma: In Allah ya kai mu. Su shirya, ba zan sauƙaƙa musu ba.