Waɗanda suka karanta The Poppy War: a wane shafi kuka rabu da Rin?

Uwar Biyu, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren jiya na kai ƙarshen The Poppy War, littafin R. F. Kuang da ya fito a 2018, kuma har yanzu hankalina bai dawo jikina ba. Wanda bai karanta ba ya tsaya a nan, domin za mu tona ƙarshen labarin.

Tun shafukan farko yarinyar nan Rin ta shiga raina. Marainiya ce da yaƙi ya raba da iyayenta, tana hannun mariƙa masu sayar da ofiyom a ɓoye, suna shirin aurar da ita tana 'yar shekara 14 ga wani jami'in da a haife ya haife ta. Ta roƙi a ba ta shekara biyu ta zauna jarrabawar Keju, tana ɗiga narkakken kyandir a hannunta don kada barci ya sace ta, har ta ci, ta shiga makarantar sojoji ta Sinegard. Wa zai ƙi irin wannan yarinya? To ita ɗin ce a ƙarshe ta roƙi gunkin wuta ya tayar da dutse mai aman wuta a tsibirin Mugen, ƙasar da ta kawo musu yaƙi, ƙasa guda ta hallaka da jariranta da tsofaffinta. Abin da ya hana ni barci shi ne, lokacin da take wannan roƙo na ji wani ɓangare na zuciyata yana cewa "ƙara musu". Ni da yarana biyu suke kwance a gefena.

Shi ya sa nake tambaya, ku a ina kuka rabu da ita? Ko har yau ba ku rabu ba?

Malamin Tarihi, Zariya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni a ofishin malamai na karanta babi na 21, an tashi tara. Aka kaɗa ƙararrawar komawa aji, na shiga, na tsaya gaban allo riƙe da alli na rasa ta inda zan fara. Sai na ba yara aiki na koma bakin taga.

Abin da ya girgiza ni shi ne na san labarin tun kafin in karanta shi. Marubuciyar a Guangzhou aka haife ta a 1996, ta tashi a Amurka, kuma tarihin ƙasar Sin ta karanta. Daular Nikara, ƙasar su Rin, ita ce Sin, Mugen kuwa Japan. Birnin Golyn Niis da Rin ta tarar an mayar da shi mayanka, Nanjing ne. Sojojin Japan sun shiga Nanjing ranar 13 ga Disamba 1937, suka yi kimanin mako shida suna kisa da fyaɗe. Gwamnatin Sin tana cewa mutum 300,000 aka kashe, kotun da ta zauna a Tokyo bayan yaƙi ta ce sun haura 200,000. Ɗakin gwaje-gwajen Shiro, likitan Mugen na cikin littafin, shi ma ba daga kanta ta ƙirƙiro shi ba. Akwai runduna ta 731 a kusa da Harbin, inda aka riƙa gwada cututtuka a jikin fursunoni da ransu, kuma sunan shugabanta Ishii Shiro. Ita kanta marubuciyar ta sha faɗa a hirarraki cewa a kan rayuwar Mao Zedong ta ɗora ta Rin. Da na haɗa waɗannan sai na gane abin da ake nuna mana: yadda mai zubar da jinin gobe yake tasowa daga cikin waɗanda aka zalunta jiya.

Duk da haka ban rabu da ita a wurin ƙona tsibirin ba. Bayan nan ne, da abokinta Kitay ya tsare ta, ta ce mutanen Mugen ai ba mutane ba ne, shi kuma ya tuna mata cewa da irin wannan tunanin su ma suka yanka mutanen Golyn Niis. Ban ga ta sunkuyar da kai ba. A nan na sake ta.

Ɗalibar Likitanci, Sakkwato

Anti Uwar Biyu, ni ban sake ta ba, kuma zan faɗi dalili. Sau uku na zauna jarrabawar shiga jami'a kafin in samu abin da nake so. A shekara ta uku gwaggona ta ce idan ban samu ba a bana, to ga ɗan aminiyarta nan yana jira. Ƙafata a cikin bokitin ruwan sanyi nake karatu har asuba, ina tauna goro kamar tsohuwa. Da na zo wurin kyandir ɗin nan sai da na rufe littafin na yi kuka, don na san tsoron da ke sa mutum ya cutar da jikinsa da hannunsa.

Inda muka yi gardama da ƙawata a ɗakin kwananmu shi ne lokacin da Rin ta fara al'ada a Sinegard, ta ga abin zai sa a wuce ta a horo, ta je ta sha maganin da ya kashe mata mahaifa har abada. Ƙawata ta ce daga nan ta san yarinyar ba ta da imani. Ni ba zan taɓa ba wata shawarar ta yi haka ba, Allah ya tsare. Amma ku duba, makaranta ce da 'ya'yan manya ke yi mata dariya saboda duhun fatarta da harshenta na ƙauye, malamin faɗa ya kore ta daga ajinsa, kuma ta san in ta koma gida aure ne ke jiranta. Ba ta da uwa, ba ta da yaya mace da za ta zaunar da ita. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ni tausayi ta ba ni.

Wanda na kasa yafe wa Altan ne. Na san an ƙarar da danginsa a tsibirin Speer, na san an yi gwaji da jikinsa yana yaro, an maƙala masa ofiyom. Amma ya ɗaga hannu ya doke ta, yana shugabanta, ita kuma ta ci gaba da neman yardarsa. Na ga irin wannan a cikin danginmu, ba na buƙatar littafi ya koya mini ƙarshensa.

Mai Shagon Waya, Jos

Ni ban gama ba. Na tsaya a wurin da Venka, 'yar ajin su Rin a Sinegard, take ba da labarin abin da sojoji suka yi mata da sauran matan. Na mayar wa wanda ya ara mini washegari. Rabin farko na ɗauka labarin makaranta ne, har na yi niyyar ba ƙanwata mai shekara 15. Don Allah kada wanda ya ba yaro littafin nan.

Ɗan Borno

Salam. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa saka baki ba, yau dai zan yi.

A 2014 aka shiga garinmu. Ina aji biyar na sakandare. Mun kwana uku a daji kafin mu iso Maiduguri, ni da mahaifiyata da ƙannena biyu. Mahaifina da yayana ba su fito ba, kuma ba mu samu gawar da za mu yi wa sutura ba. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Shekaru bayan haka wani abokina a jami'a ya ba ni littafin nan, bai san tarihina ba. Da na zo Golyn Niis ban yi kuka ba, ban rufe ba. Abin da na lura da shi shi ne shirun garin lokacin da suka shiga, da yadda ake neman mai rai a cikin gawarwaki. Na ce a raina, wannan matar ta saurari waɗanda suka gani da idonsu.

Malam, ka ce ka sake ta don ba ta sunkuyar da kai ba. Ina girmama maganarka, amma bari in gaya maka abin da ke cikin wanda aka yi wa. A shekarar farko a sansanin gudun hijira, da wani ya zo ya ce mini ga wuta, in na so za ta cinye dajin da suke ciki da duk wanda ke tare da su, wallahi ba zan tambayi ko akwai mata da yara ba. Na san akwai. Na san wasu ma sato su aka yi daga garuruwa irin namu. Kuma da na ce a kunna. Ba alfahari nake yi ba, wannan shi ne abu mafi muni da na sani game da kaina, kuma ban taɓa gaya wa mahaifiyata ba.

Bambancina da Rin guda ɗaya ne, ni ba a miƙo mini wutar ba. An bar ni da lokaci, da mahaifiyar da ke tashina sallar asuba ko ina so ko ba na so, da wani dattijo a sansanin da ya rasa 'ya'ya huɗu amma kullum shi ke raba faɗan yara a layin ruwa. Ita kuwa duk wanda zai riƙe hannunta ya kauce. Malaminta Jiang, wanda ya yi ta gargaɗinta a kan gunkin nan, ya je ya kulle kansa a cikin dutse lokacin da ta fi bukatarsa. Aka bar ta da Altan, wanda zuciyarsa ta riga ta ƙone.

Don haka ban rabu da ita ba, kuma ban ce ta yi daidai ba. Abin da ta yi ta'asa ce. Ina karantawa ina jin kamar an nuna mini hoton inda na kusa zuwa.

Almajirin Malam, Kano

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan mahaifinka da yayanka, ya sa sun huta, ya ba ku ladan haƙuri. Maganarka ta sa na goge rabin abin da na rubuta.

Na fara littafin ina ɗari-ɗari saboda yawan gumaka. Sai na ga abin nasu ya yi kama da abin da muka sani a bori: mutum ya sha wani abu, ya kira iska, ta hau shi, daga baya a rasa wa ke tuƙa wani. Ƙarshen masu wannan baiwa a littafin hauka ne, sai a kai su a rufe a dutsen Chuluu Korikh. Marubuciyar ba ta yi wa tsafin kwalliya ba, wannan ya sa na iya ci gaba.

Amma ga inda na tsaya. Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe mata da yara a fagen yaƙi. Jaririn Mugen bai je Golyn Niis ba. Abin da na yaba shi ne littafin bai ba Rin mafakar cewa gunki ne ya tilasta ta ba. Ita ta je, ita ta roƙa, ita ta zaɓa, kuma ta faɗa da bakinta. Na fahimci yadda ta kai can, amma fahimta daban, uzuri daban.

Bazindiriya, Damagaram

Ni fassarar Faransanci na karanta. Na tashi da littattafan yaƙi na Hausa da yayana ke kawowa daga Kano, inda jarumi jarumi ne tun daga bango har bango, mugun sarki kuma ko a fuska ka san shi. To a nan kowa jemage ne, ba ka ga tsuntsu ba ka ga dabba. Nezha, ɗan ajin su Rin da na tsana a makaranta, shi na dawo ina yi wa fargaba a yaƙin Khurdalain. Sarauniya Su Daji da Rin ta yi wa mubaya'a da zuciya ɗaya ita ta sayar da su. Sai da na yi kwana biyu ina jin haushin marubuciyar, kamar ta yaudare ni.

Malamin Tarihi, ina da tambaya. Hayaƙin da ya tashi a kan Mugen, ni Hiroshima da Nagasaki ya tuna mini, Agustan 1945. Haka ne?

Malamin Tarihi, Zariya

Haka ni ma na karanta shi, 'yar'uwa, 6 da 9 ga Agusta. Sai dai a tarihi Amurka ce ta jefa, a littafin kuwa an damƙa abin a hannun wadda aka yi wa ɓarnar, don a ga me za ta yi da shi.

Ɗan Borno, ka yafe mini. Daga kan kujera na yi tawa maganar, kai kuwa daga cikin wutar ka yi taka.

Uwar Biyu, Kaduna

Ƙanena Ɗan Borno, na karanta saƙonka sau uku. Allah ya gafarta wa Baba da Yaya, ya ƙara wa Mama lafiya. Ka ci gaba da sauran biyun kuwa? An ce The Dragon Republic na 2019 da The Burning God na 2020 sun fi wannan nauyi, ni ina tsoron farawa.

Ɗan Borno

Amin, Yaya, na gode. Malam, babu komai wallahi, gaskiya ka faɗa. Na sayi na biyun tun bara, yana cikin akwatina ƙarƙashin kayan sallah, ko ledarsa ban cire ba. In kin fara ki sanar da ni, sai mu riƙa tafiya tare babi-babi, don ba na son in karanta shi ni kaɗai.