Manhajar sa ido ko wakili: wa ke riga kawo labari a Damagaram?

Matashin edita: Assalamu alaikum. Maganar da na yi jiya ina nan a kanta: duk gidan rediyon da ba ya aiki da manhajojin sa ido kan labarai, kullum a baya zai riƙa zuwa, shi ya sa nake son a ware mana kuɗin manhaja ta biya. Google Alerts kyauta ne. Ka ba shi suna kamar Zinder, SORAZ (matatar man Damagaram) ko Tanout, da zarar wani shafi ya ambace shi sai saƙo ya faɗo maka. Ka tara kafofin labarai irin su ANP (kamfanin dillancin labaran Nijar), Le Sahel da Studio Kalangou cikin Feedly, manhajar da ke haɗa labaran shafuka wuri guda. Kafin a buɗe tasha da safe ka san abin da ƙasa ta kwana da shi.

Tsohon ma'aikacin rediyo: Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da Google ya aiko maka, ai wani ne ya riga ya rubuta. Wane ne wannan wanin? Galibi ɗan jarida ne a Yamai, da Faransanci, bayan wani daga nan ya buga masa waya. Ka tuna ranar 3 ga Satumba 2024 da tsohon masallacin Birni ya rushe saboda ruwan sama? Gini ne tun tsakiyar ƙarni na 19, a tsakiyar garinmu. Mutanen unguwa ne suka ɗauka da wayoyinsu, bidiyon ya zaga gari, daga baya jaridun waje suka kawo. Wanda ya zauna jiran saƙon manhaja a ranar, masu sauraronsa sun riga shi sani.

Matashin edita: Baba, wannan a ƙofar gidanmu ya faru. In a Yamai aka yanke hukuncin da ya shafi farashin mai, ko aka rufe iyaka ta ɓangaren Najeriya fa?

Tsohon ma'aikacin rediyo: Na Yamai na ba ka. Na iyaka kuwa, direbobin Magarya da Matamai sun fi kowace kwamfuta.

Wakiliyar karkara: Bari in sa baki, Yaya edita. Inda nake aiki, labari da murya yake tafiya. Mai gari ya yi saƙon murya da Hausa ko Barbarci, a tura zauren WhatsApp na 'yan gari, daga nan ya isa 'yan ci-rani a Agadas da Kano. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke, babu manhajar sa ido da ke leƙa ciki. To rijiyar da ta rufta, ko garken da ya shiga gona, ko ƙyandar da ta ɓulla a ƙauye, ta ina za su bayyana a allonka? Da yawa daga masu ba ni labari ma ƙaramar waya ce gare su, sai su yi mini fulashin in kira.

Amma Baba, ban yarda a watsar da kayan nan ba. Da daminar 2024 an turo mini hoton gidaje cikin ruwa, aka ce a yankinmu ne, har da sunan ƙauye. Na sa shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, sai ga shi tsohon hoto ne daga wata ƙasa. Ni a nan na ga amfaninsu: tantancewa. Kuma ku tuna tun Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019. Mai gaggawar watsa abin da bai tabbatar ba, kansa da tasharsa yake jefawa cikin hatsari.

Ɗalibin jami'ar André Salifou: Malamai, akwai kuma maganar dogaro. CrowdTangle shi ne 'yan jarida ke bin abin da ke yaɗuwa a Facebook da shi, kamfanin Meta ya rufe shi a watan Agustan 2024. TweetDeck, na bin saƙonnin Twitter, ya koma na kuɗi a 2023. A Fabrairun 2021, bayan zaɓe, an katse intanet ɗin waya kusan kwana 10. Rediyo bai daina magana ba, don wakilai na kiran waya.

Matashin edita: Duk na ji. Sai dai mu uku ne a ɗakin labarai, babu mai iya karanta shafuka ashirin kowace safiya. Manhajar na rage mana wannan wahala, kuma ba zan cire ta ba.

Wakiliyar karkara: Babu wanda ya ce ka cire, Yaya. Na kyautar ka riƙe. Kuɗin da kake son a ware wa ta biya ne nake jayayya a kai. Wata nawa ina sa katin waya da kuɗin kabu-kabu daga aljihuna? A fara biyan wannan tukuna.

Tsohon ma'aikacin rediyo: Ina bayan 'yata. Ku kawo lissafin biyun a rubuce ranar Asabar, mu kai wa darakta tare.