Makaɗi shi kaɗai gaban taro: abin da aka ba da shawara

A wata majalisar masu son kiɗa a titin Gidan Zoo, Kano, an tattauna kan gwanayen kiɗan gargajiyar Turai masu fitowa su kaɗai a gaban ƙungiyar makaɗa, da irin kallon da jama'a ke yi musu.

Mafi yawa sun ce a fara sauraron hannu kafin a duba tufafi. An kawo misalin Yuja Wang, 'yar Sin mai kaɗa piyano, wadda gajeriyar rigar da ta sa a dandalin kiɗa na Hollywood Bowl da ke Los Angeles, Amurka, a 2011 ta jawo surutun da ya kusa danne zancen kiɗan. Dattawan majalisar suka ce a'a, mai tsayawa gaban jama'a dole ya kula da shigarsa. Ina tare da su a nan, sai dai ban yarda riga ta zama ma'aunin gwaninta ba.

Masu jin haushin yadda Lang Lang, shi ma ɗan Sin mai kaɗa piyano, ke lumshe ido yana jijjiga kai, an ce su saurare shi ba hoto, sannan su yanke hukunci.

Matasan makaɗanmu kuwa an gargaɗe su kada kwalliyar TikTok ta cinye lokacin atisaye. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya yake riƙe taro.