Me ya sa ɓ, ɗ da ƙ suke ɓacewa a tsofaffin takardu?

Ɗalibi daga Fagge:
Assalamu alaikum malamaina. Takardun da aka buga da tafireta a Kano sukan zo babu ƙugiya, har mai karatu ya kasa bambanta ƙasa da kasa. Mene ne dalili?

Malami daga Nasarawa:
Wa alaikumus salam. Hausawa sun daɗe suna rubutu da ajami kafin Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a nan Nasarawa ta Kano a 1909. Haruffa masu ƙugiya kuwa sai cikin shekarun 1930 suka samu gindin zama, alhali yawancin tafiretocin da ake shigowa da su daga Ingila don Turanci aka ƙera su, don haka babu waɗannan haruffa a jikinsu.

Tsohuwar sakatariya daga Gwammaja:
Gaskiya ne Malam. Mukan gama bugawa, sannan mu bi takarda da biro muna ƙara ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya, kuma kuskure guda yakan sa a sake shafi gaba ɗaya. Ɗana, yanzu tsarin Unicode, wato tsarin da ya tattara haruffan harsunan duniya don na'urori, ya tanadi haruffan a kwamfuta da waya, shi ya sa nake jin takaici idan na ga matasanmu suna watsi da su.