In janye fiziks ko in ɗage MCAT?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shekara ta uku a jami'a a Amurka, ina haɗa darussan da ake buƙata kafin shiga makarantar likitanci, kuma wannan zangon ya sha mini kai. Na ɗauki Organic Chemistry kashi na biyu, da Biochemistry, da fiziks mai aikin ɗakin gwaji, ga aikin sa-kai a asibiti ranar Asabar. Barci ya ƙaurace mini. Sai in yi ta maimaita shafi ɗaya, in rufe littafi ban riƙe komai ba.

Niyyata in rubuta MCAT, wato jarrabawar neman shiga makarantar likitanci, a Afrilu, tunda AMCAS, tsarin da ake tura takardun neman gurbi ta cikinsa, kan fara karɓar takardu wajen ƙarshen Mayu, kuma makarantu da yawa wanda ya riga turawa suke fara dubawa.

Idan na janye fiziks, harafin W, alamar janyewa daga darasi, zai zauna a takardar sakamakona, ga shi kuma fiziks ɗin yana fitowa a MCAT. Idan na daure, ina tsoron makin GPA na kimiyya, wato matsakaicin makina a darussan kimiyya, ya zube.

Don Allah waɗanda suka bi wannan hanya, W ɗaya tana da illa sosai? Ko gara in ɗage jarrabawar, in ƙara shekara kafin in nema?