Taƙaitawa: shawarwari ga mai son binciken raguwar ƙwari

Wani ɗan'uwanmu mai son yin digirin digirgir a binciken raguwar ƙwari da sauyin nau'o'in halittu ya nemi shawara, shi ne na tattaro amsoshin da aka ba shi.

1. Kusan kowa ya ce a koyi ƙididdiga da manhajar R, wadda ake nazarin alƙaluma da ita, tun da wuri. Kama ƙwaro mai sauƙi ne, fassara alƙaluman ne aiki.

2. Nan aka fi daɗewa: bayanan dogon zango. Yawan ƙwari yakan hau ya sauka kowace shekara saboda ruwa da zafi, don haka shekara uku na digiri ba za su nuna maka raguwa ba. An kawo misalin Krefeld a Jamus, inda binciken 2017 ya nuna nauyin ƙwari masu tashi ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100 a shekara 27, da tarkunan ƙwari na cibiyar bincike ta Rothamsted a Ingila da ke aiki tun 1964. Shawarar ita ce ka jingina da irin waɗannan taskokin bayanai, ko GBIF, wato taskar bayanan halittu ta duniya da ke intanet.

3. Ra'ayi ya rabu kan tantance nau'i. Wasu sun ce a zauna a koyi gane ƙwaro da madubin ƙara girma, wasu sun ce gwajin ƙwayoyin gado (DNA) ya isa. Ni dai ina tare da na farko, don gwajin ba ya sa wa ƙwaron da ba a taɓa rubutawa ba suna.

4. Bayan digiri sai kwangilar aikin bincike ta shekara biyu ko uku da yawan ƙaura. Wasu sun jure, wasu sun koma ƙungiyoyin kare muhalli.

5. Malamin da zai duba aikinka ya fi sunan jami'a muhimmanci. Ba wanda ya musa.